Ranar da Lasifika Ta Kira Ni Awon Ciki

Ni ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu ya san wannan. In na je sayen koko na tarar da mutum biyar a gabana, gara in juya in tafi aiki da yunwata. Amma wata huɗu cur na yi ina jiran wani mutum da ban taɓa gani ba ya danna maɓalli ɗaya.

Abin daga wayar Mma ya faro. Gidanmu a Nima gidan haya ne irin na zango, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Wayar mahaifiyata 'yar ƙarama ce mai maɓallai, irin wadda 'yan Accra ke ce wa yam, kuma ba tata ce ita kaɗai ba. Mata uku a gidan ba su da waya. Ɗaya an zare tata a trotro, motar haya, ɗaya mijinta ke fita da tasu kasuwa, ɗaya kuma ba ta daɗe da zuwa daga arewa ba. Duk inda aka ce su ba da lamba, ta Mma suke bayarwa. Kunnen Mma ɗaya ba ya ji sosai, saboda haka kullum a lasifika take amsa kira. In an kira ta, duk gidan an kira.

Yayata nas ce a wani ƙaramin asibiti a Maamobi. Suna aiki da wata manhaja da ke rubuta sunayen marasa lafiya, ta kuma kira su a waya ta tuna musu ranar dawowa. Muryar Hausar da ke ciki ma ta Yaya ce, ita aka ɗauka. Matsalar ɗaya ce: manhajar ta ce lamba ɗaya, mutum ɗaya. In mace ta biyu ta kawo lambar da aka riga aka sa, sai jan rubutu ya fito ya ce lambar tana da mai ita. Sai Yaya ta ɗauko wani littafin makaranta mai layi ta rubuta matar a ciki. Littafi kuwa ba ya kiran kowa. Masu juna biyu su manta ranar awo, su zo bayan sati uku, ko su ƙi zuwa sam.

Ni sakandare na gama, sakamakon bai kai ni jami'a ba. Ina aiki a shagon buga takardu a bakin babban titin Nima, katin biki, takardar neman aiki, hoton fasfo. Tsakanin wannan kwastoma da wancan na koyi rubuta kod, rubutun da ake gina manhaja da shi, daga bidiyo, a kan wata laftof 'yar gwanjo da na saya a kasuwar Circle wadda maɓallin harafi ɗaya sai an danne shi da ƙarfi kamar ana kashe kyankyaso. Da Yaya ta ishe ni da mita, sai na duba na ga manhajar tasu irin wadda ake barin kod ɗinta a fili ce. Kowa zai iya gani, ya kwafa, ya gyara, ya aika gyaransa. Kamar famfon gidanmu ne, kowa na ɗiba, amma akwai mai riƙe da makulli. Sai ya yarda gyaranka ke shiga ainihin manhajar da asibitoci ke saukewa.

Sati uku na yi a kan gyaran. Na cire dokar lamba ɗaya, na kuma ƙara wata dabara da nake ji da ita. Tunda waya ɗaya mata da yawa ke amfani da ita, to saƙon ya fara da sunan mai shi. Nas za ta faɗi sunan a naɗa lokacin rajista, sai manhaja ta liƙa shi a gaban saƙon. Na aika, ina jiran a ce min sannu da aiki.

Mai makullin ya amsa da layi biyu. Ya gode, amma akwai batun sirri, ya kamata a tattauna.

Sirri! Na zauna na rubuta masa amsa mai tsawo. Na ce ya zo Nima ya ga inda mutum talatin ke bin banɗaki ɗaya, sannan ya yi min maganar sirri. Na ce mata suna rasa awo shi yana can cikin sanyin ofis yana tattaunawa. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba zan maimaita ba. Daga nan ya yi shiru. Duk Litinin in rubuta a ƙarƙashin gyaran cewa ina aka kwana, ba amsa. Ko fuskarsa ban sani ba, hoton wani tsuntsu ya sa a shafinsa.

Sai na ga sanarwar taron masu irin wannan aiki, a nan Accra, ranar wata Asabar, a wani bene wajen Ridge. Sunansa na cikin masu jawabi. Akwai kuma wani sashe da ake ba kowa minti biyar ya nuna abin da ya yi. Na rubuta sunana nan take. Niyyata a fili take: in nuna gyaran yana aiki a gaban zaure cike da mutane, in ga ta inda zai ce a'a.

Ina bukatar saƙon gwaji, sai na biya asibiti ranar Alhamis lokacin hutun Yaya, na kara mata waya a baki.

"Faɗi suna."

"Sunan wa?"

"Ko na wa, Yaya, yi sauri, na bar shago ba kowa."

Ta kalle ni tana murmushi, ta faɗi sunana da na babanmu, cikin muryar nan tata ta aiki. Na ce ya yi, na fita da gudu.

Kuskurena na biyu shi ne gaya wa Mma.

"A gaban mutane za ki yi magana?" in ji ta. "Wa zai raka ki?"

"Ba kowa, Mma. Ba biki ba ne, aiki ne."

"Ki tsaya gaban jama'a ke kaɗai, kamar wadda aka tsinta a bakin gota? Mutane su ce yarinyar nan ba ta da kowa?"

"Ba wanda zai ce komai. Don Allah kar ki gaya wa Gwaggo."

Ta ce, "To." Da na tsaya na saurari wannan "to" ɗin da kyau, da na gane. Amma ina sauri.

Gwaggo yayar babana ce. A Alajo take zaune, tana sayar da atamfa a kasuwar Nima, kuma ba a biki ko suna a danginmu ba tare da guɗarta ba. Muryarta ba ta bukatar makirfo.

Ranar Asabar na fita da sassafe, na bi ta Kanda a ƙafa don in huce. Zauren sanyi kamar cikin firji. Aka rataya min kati mai sunana a wuya, aka ba ni riga mai girman buhun gawayi, aka ce ƙananan sun ƙare. Tebura cike da sitika kyauta, samari na ta kwasa suna mannawa a bayan laftof har ba a ganin launinta. Na ɗebi guda shida, ban san na mene ne ba, kyau suka yi min. A wajen shayi wasu biyu suna musu kamar za su doke juna, na matsa in ji wa aka zaga, ashe a kan wace manhajar rubuta kod ta fi suke. Wani mai gilashi ya tambaye ni kamfanin da nake aiki. Na ce shagon buga katin biki a Nima. Ya yi dariya sosai ya ce ina da barkwanci.

Mai makullin shi ya yi jawabi na biyu. Haushi ya kama ni da na gan shi, don duk fushin da na tara na wani ƙaton mutum ne mai kwat da tumbi. Wannan ɗan siririn dattijo ne daga Kenya, da furfura, da takalmi soso. Magana yake a hankali har sai da aka ƙara masa sauti sau biyu. Yana saukowa mutane suka yanyame shi. Na ce ba komai, mu haɗu a minti biyar ɗina.

Wajen sha ɗaya da rabi wata budurwa cikin masu kula da ƙofa ta taɓa kafaɗata. Ta ce akwai mata biyar a waje, sun ce nawa ne.

Tun daga saman bene na hango ruwan ɗorawa da kore. Yayin bikin 'yar maƙwabtanmu suka sa, atamfa iri ɗaya, ɗauri iri ɗaya, abin da 'yan Najeriya ke kira anko. Mma, Gwaggo, da ƙawayen Mma uku. Ga ƙatuwar kula ta waakye, shinkafa da wake, a ƙasa, ga buhun leda cike da gorunan sobolo, wato zoɓo, masu sanyi.

"Mma, na ce miki ba biki ba ne!"

"Shi ya sa ba mu kira makaɗa ba," in ji Gwaggo. "Matsa. Wannan wace irin riga ce a hannunki, ta kwana ce?"

Mai tsaron ƙofar ta ce sunayensu ba sa cikin takarda. Na ji daɗi a raina. Amma Gwaggo ta juya mata da yaren Twi, ta koma yaren Ga, ta kira ta 'yata, ta tambaye ta unguwarsu, ta gano uwar yarinyar tana sayen yadi a layinsu. Kafin in ƙifta ido an rataya musu katin baƙi, yarinyar da kanta ta kama kunnen kula ɗaya.

A irin wannan taro ba mai zama a layin gaba, kowa baya yake laɓewa da laftof ɗinsa. A biki kuwa layin gaba na dangi ne. Nan suka jeru su biyar, da mafitai a hannu duk da sanyin da ake. Wani yana bayani a kan yadda ake adana bayanai, Gwaggo tana gyaɗa kai tana cewa "Haka ne" duk inda ya tsaya shan ruwa.

Dokar minti biyar ba wasa. Akwai wani mutum da ƙararrawa irin ta firamare, lokaci na cika zai kaɗa, ko kana tsakiyar kalma ka sauka. Na gwada maganata a shago har na haddace, minti huɗu da daƙiƙa arba'in, ba gaisuwa, kai tsaye. Amma da na hau na ga Mma a gabana tana kallona, bakina ya ƙi buɗewa haka nan. Ban taɓa fara magana a gaban manya ba sallama ba.

Na ce, "Salamu alaikum."

Su biyar suka amsa a tare, cikakkiya, har wa barakatuhu. Gwaggo ta ɗora da "Ina kwana, ina gajiya, Allah ya ba da sa'a," sannan ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. Zaure ya ɗauki tafi da dariya. Na saci kallon mai ƙararrawa, yana duban agogo.

Na shiga Turanci da gudu. Waya ɗaya, mata huɗu. Jan rubutu. Littafin makaranta. Na ga mutane sun ɗago daga laftof, na ga mai makullin a layi na uku ya tallabe haɓa. Na nuna a allo yadda aka yi wa mace ta biyu rajista da lamba iri ɗaya, jan rubutu bai fito ba. Na ce yanzu ku ji yadda saƙon zai zo. Na danna.

Muryar Yaya ta cika zauren, a natse, tas-tas. Ta yi sallama. Ta ce wannan saƙo na wance ne, ta kira sunana da na babana. Ta ce ki zo awon ciki ranar Laraba da ƙarfe takwas na safe, ki taho da katinki.

Zaure ya tafa, don abu ya yi aiki. Layin gaba bai tafa ba. Mafitai biyar suka tsaya a iska.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Gwaggo, ta ɗora hannu a ka.

Mma ba ta ɗaga murya ba, amma na ji ta. "Ke. Wata nawa?"

Ni ko saurayi ba ni da shi. Na manta makirfo na bakina na ce, "Mma, gwaji ne, wallahi gwaji ne!"

"Muryar yayarki ce."

"Ni na sa ta faɗa!"

"Kika sa ta faɗa a gaban duniya?"

Can baya wasu 'yan Kano biyu da suka zo taron sun kife a kan kujera suna dukan cinya. Sauran zauren sai waige-waige suke, suna murmushin wanda bai san abin da ake ciki ba. Na buɗe baki in koma kan maganata, in faɗi jimlar da na tanadar wa mai makulli, sai ƙararrawa ta kaɗa.

A baranda aka yi min shari'a. Gwaggo ta ja fatar idona ƙasa ta leƙa, ta juya tafin hannuna, ta ƙura wa maƙogwarona ido. Ɗaya daga ƙawayen Mma na ga ta zaro waya daga jaka a hankali.

"Hajiya, mayar da wayar nan," in ji Gwaggo ba tare da ta juya ba. "Ba a gama bincike ba."

Mma ta kira Yaya, a lasifika kamar kullum. Da Yaya ta gane abin da ya faru, dariya ta hana ta magana, sai haki take tana cewa "Wayyo cikina." Mma ta ce, "Dariya kike ko? Za ki dawo gida ki same ni." Ta kashe. Ta zauna a kan benci, ta ce a miƙo mata sobolo.

Muna haka mai makullin ya iso. Ya gaishe su da hannu biyu a ƙirji, ya juyo gare ni ya ce da Turanci, ashe ke ce mai gyaran lamba. Ya tambayi abin da ya faru a ciki. Na ce maganar gida ce.

"Wane ne wannan?" in ji Gwaggo. "Me yake cewa?"

"Shi ne ya hana aikina shiga, Gwaggo. Wata huɗu."

Ta gyara ɗaurin zani ta matso. Na ji daɗi, na ce yau zai gane kurensa. "Tambaye shi dalili."

Na tambaye shi. Ya ce abin da ya dame shi, wanda ke riƙe da wayar shi zai fara jin saƙon, ba mai saƙon ba. Na fassara, ina taɓe baki don su san ra'ayina.

Gwaggo ta ja da baya. Ta dube ni. "Tsaya. Abin nan da muka ji yanzu, haka zai riƙa faɗa a wayar uwarki? Da suna da komai? A tsakar gida?"

"E, amma ai don su tuna ne."

"Gaya masa Allah ya yi masa albarka."

"Gwaggo!"

"Gaya masa. Kuma ki faɗa daidai, ina jin Turanci kaɗan-kaɗan, in kin rage zan sani."

Haka na tsaya ina fassara faɗan da ake yi min, jimla bayan jimla, ga mutumin da na zo kunyatawa. Gwaggo ta ce ita ta haifi shida, ba wanda ta taɓa buɗe baki ta ce wa tana da ciki, ko uwar da ta haife ta. Mace tana rufe abinta har sai zani ya gaza. In na fari ne ga kunya, in ba na fari ba ne ga bakin mutane. In kuma Allah bai sa ya zauna ba, wadda ba ta faɗa ba ita kaɗai za ta yi kukanta ta tashi, ba sai kowa ya zo yana mata sannu a bakin famfo ba. Ta ce, "Ke a gidan aka haife ki, ba ki san wannan ba? Sai baƙo daga wata ƙasa ya sani?"

Na sani mana. Ban dai taɓa haɗa shi da kod ba.

Mutumin yana ji yana gyaɗa kai. Ya ce akwai ma abin da ya fi haka, yarinyar da ba ta da aure, ko ciwon da mutum ba ya so mijinsa ko matarsa su ji daga waya. Sannan ya ce shi ma yana da laifi, layi biyu ba bayani ba ne. Aikin nan a ƙarshen mako yake yinsa, bayan aikinsa na albashi. Duk sanda ya buɗe amsata don ya ba ni bayani, sai ya ga sakin layi tara, bakwai faɗa ne, sai ya rufe ya ce sai mako mai zuwa.

Wannan ban fassara ba. Gwaggo ta ce me ya ce, na ce yana yaba waakye.

Amma ban sauka gaba ɗaya ba. Na ce masa, to sai a bar matan a littafin makaranta ke nan? Ya ce a'a, shi ya sa bai rufe gyaran ba. Matsalar gaskiya ce, shi dai bai san yadda za a yi ba. Ya nuna su Mma da haɓa ya ce in tambaye su.

Gwaggo ta ce a zamaninsu in ungozoma tana son ganin mace, ba ta cewa komai. Sai ta aiko a ce wa wance tana gaishe ta. Mai abu ta san abinta. Na fassara. Ya ce in masu juna biyu kaɗai ake gaisarwa, cikin wata ɗaya duk gidan sun gane ma'anar gaisuwar.

"Su gane mana," in ji Gwaggo. "Da can ma ai muna ganewa, muna da ido. Amma in ba a furta ba, ba mai ikon tarar ta da maganar."

Bai gamsu sosai ba, na gani a fuskarsa. Sai Mma ta ce, "Ni ma ai suna kirana duk wata don hawan jini. Masu kai yara allura ma ana kiransu. A yi mana magana iri ɗaya mana, kowa a gaishe shi a faɗi rana. Wa zai san na wane ne?" Ta ajiye gorar sobolon. "Kuma a riƙa tambayar mace in ta yarda a kira wayar wani. A tambayi mai wayar ma. Ni ba wanda ya taɓa tambayata, sai dai in ji ana kira."

Da na fassara wannan, mutumin ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya fara rubutu.

Abincin taron ɗan burodi ne da aka yanka gida huɗu da ganye a ciki. Gwaggo ta ɗaga ɗaya ta duba ƙasansa ta ajiye, ta ce a buɗe kula. Cikin minti kaɗan layi ya kai matakala. Mai gilashin nan da ya ce ina da barkwanci sau biyu ya dawo, yajin shito ya sa shi hawaye yana ci. 'Yan Kanon suka zo suka durƙusa suka gaida su Mma, ɗayansu ya dube ni ya ce Allah ya raba lafiya. Da ba a gaban Mma ba ne da ya sha gorar sobolo a ka.

Su Mma suka yi azahar a barandar, suka kwashe kaya, don Gwaggo tana da biki na gaske a Alajo da yamma. Mma ta gyara min katin wuyana kafin ta tafi. Ta ce, "Kin yi magana da kyau. Ban ji komai ba, amma ba ki yi in-ina ba."

Da yamma akwai ɗakin da ake zama a yi aiki tare. Na zauna kusa da mai makulli, na buɗe laftof, ina danne maɓallin nan mai tauri da ƙarfi. Muka goge duk inda saƙo ke faɗin dalilin kira in lambar ta tarayya ce. Muka sa tambayoyi biyu a fom ɗin rajista. Na ɗauka kafin a tashi zai danna maɓallin shigar da gyaran, har na gyara zama. Sai ya ce in je gida in rubuta gwaje-gwajen da za su tabbatar kalmar awo ba za ta taɓa sulalewa cikin irin wannan saƙo ba. Na ce yau? Ya ce ba yau ba. Na cije leɓe.

Sau biyu ya dawo min da gyaran bayan ya koma ƙasarsu. Duk sau biyun na rubuta amsa mai zafi, na goge, na aika layi biyu. Ranar da ya shigar da gyaran ina tsakiyar buga katin walima ɗari biyu, inji ya cinye takarda, mai katin yana tsaye a kaina. Na ga saƙon a waya, na ce "Yawwa" da ƙarfi, mutumin ya ɗauka injin ne ya gyaru.

Sai da aka ƙara wasu makonni kafin asibitin su sauke sabuwar manhajar. Yaya ta sake naɗar muryarta, ta bi matan littafin ɗaya bayan ɗaya tana tambayarsu. Wasu suka yarda, biyu suka ce a bar su a littafi. Ta zo har gida ta tambayi Mma a kan wayarta. Mma ta ja rai kamar ana neman auren 'yarta, sannan ta ce ta yarda.

Wata Litinin da safe ina ɗaure takalmi a bakin ƙofa, Mma na tsince wake a faranti, mata sun cika tsakar gida, masu wanki da masu jiran famfo. Wayar ta yi ƙara. Mma ta danna lasifika. Muryar Yaya ta yi sallama, ta kira sunan baƙuwar nan da ta zo daga arewa, ta ce asibiti na gaishe ki, ranar Laraba, ƙarfe takwas.

Matar tana bakin famfo da bokiti. Mma ta ɗaga murya ba tare da ta ɗago daga wakenta ba. "'Yar arewa, asibiti na gaishe ki. Laraba, takwas."

"Ina amsawa, Mma. Na gode."

Mai wanki ta ci gaba da wankinta. Ta bayanta a layi ta tura bokitinta gaba. Ba wadda ta juya. Ni kaɗai ce na tsaya da igiyar takalmi a hannu, na ƙura wa ƙugun matar ido ina lissafi.

Ƙwayar wake ta same ni a goshi.

"Ke," in ji Mma a hankali, "ba ki makara ba?"

Na ɗauki jakata na fita.